Zaɓen Ruwan Kibiya da Washinsa: Gadon Maharba a Ma'aunin Shari'a da Zamani

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu ta raya unguwar Gyallesu, Zariya)

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Gabatarwa

Sa'ad da kwamitin shirya wannan taro ya nemi mu yi magana a kan ɗaya daga cikin sana'o'in gadonmu, da yawa sun zaci za mu ɗauki ɗinkin babbar riga ko ginin soro, tunda nan ne Zazzau ta yi suna. Sai muka ɗauki wani ɗan ƙarfe da tsawonsa bai wuce yatsa ba, wato ruwan kibiya. Kamar yadda ake cewa ruwan wuƙa ko ruwan takobi, haka ake kiran ƙarfen da ke kan kibiya ruwanta.

Dalilinmu shi ne, har gobe akwai masu rataya kwari da baka a cikinmu da ƙauyukan da ke kewaye da mu, kuma naman da suke kawowa yana shiga tukwanenmu. Kibiyar da suka gada kuwa an ƙera ta ne domin ta kai dafi cikin jiki, dafin ya ƙarasa aiki. Yau shari'a da doka da hankali duk sun taru sun ce a ajiye dafi. Idan aka ajiye shi, babu abin da ya rage wa maharbi sai kaifi. Wanda ya ci gaba da tsohuwar kibiya ba tare da ya sake mata siffa da washi ba, ɗayan biyu ne: ko ya azabtar da dabba ta tafi ta mutu a banza, ko ya ciyar da iyalinsa naman da ke da shakka.

Kwari da baka a tarihinmu

Ƙasar nan ta daɗe da sanin ƙarfe. A Taruga, ɗaya daga cikin wuraren da aka tono kayan mutanen Nok, an sami shaidar narka tama tun kimanin shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A nan gida ma, a shekarun 1970, masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun tono tsofaffin wuraren narka tama a yammacin Samaru. Daga irin wannan ƙarfe maƙeran da suke fitar da fartanya da gatari da ruwan kibiya.

Kibiya kuma ta sha juya tarihi. A watan Yunin 1804, a Tabkin Kwatto, rundunar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba ta da dawaki sai 'yan kaɗan, amma 'yan bakanta suka karya mahayan Sarkin Gobir Yunfa. A Burmi, cikin watan Yulin 1903, ranar da Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, jagoran sojan Turawa, duk da bindigogin da ke kewaye da shi. Ga kuma Ƙofar Kibo a ganuwar birninmu, wadda duk mai jin Hausa in ya ji sunanta sai kibau sun faɗo masa a rai. Sarautar Sarkin Baka ma tana nan a garuruwa da dama na ƙasar Hausa.

Yadda kibiyar gado take

Duk wanda ya taɓa zare kibiya daga kwarin kakansa ya san siffarta. Jikinta na kyauro ne, marar nauyi, tsawonsa kamar ƙafa biyu. Ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi kamar yadda Larabawa da Turawa suke yi. Ruwanta siriri ne mai tsini, da kunne ɗaya ko biyu ko fiye, sa'annan da doguwar wutsiya da ake cusawa cikin kyauron a ɗaure da jijiya. A bayan kunnuwan nan ake shafa dafi.

Kowane sashe na wannan siffa dafi yake yi wa hidima. An sirance ruwan don ya huda fata ko da bakan ba mai ƙarfi ba ne. An yi masa kunne don ya maƙale, dafin ya sami lokacin narkewa cikin jini. Uban dafin kuwa shi ne kwankwani, wanda ke tsayar da bugun zuciya. Ƙarfinsa ya kai har wani likita a Jami'ar Edinbara, Thomas Fraser, ya tace sinadarin da ke cikin wani ɗan'uwan kwankwani da aka kai masa daga yankin kogin Zambezi, kuma daga 1885 likitoci suka shiga ba masu ciwon zuciya shi a ɗan ƙanƙanin awo. Saboda haka maharbin da ba ya damuwa ƙwarai da inda kibiya ta sauka. Ko a cinya ta sami barewa, sai ya bi sawu, in ya iske ta ya yanke naman da ke kewaye da raunin ya yar.

Mun ga ƙarshen wannan dabara da idonmu. Muna samari mun taɓa bin wani dattijon maharbi, Allah Ya jiƙansa, zuwa dajin da ke ƙetaren kogin Galma. Ya harbi gada a kuturi da wata kibiya da dafinta ya tsufa, ta shige sarƙaƙiya da kibiyar a jikinta. Muka bi jini har ya ɗauke, magariba ta kore mu. Bayan kwana uku ungulaye suka nuna wa masu itace inda ta faɗi. Dattijon nan bai yi baƙin cikin naman kamar yadda ya yi na kwanakin da dabbar ta yi tana jan ƙafa ba, don ya ce za a tambaye shi.

Abin da ya sa dole a bar dafi

Na farko, shari'a. Aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta lissafa dabbar da duka ya kashe cikin abubuwan da aka haramta. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Adiyyu ɗan Hatim (RA) ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da wani makamin farauta mai kaifi a baki da kauri a jiki, aka ba shi amsa cewa abin da kaifin ya huda halal ne, abin da gefen ya buge ya mutu kuwa ba a cin sa. Ashe kaifi shi ne yankan mafarauci. Wannan hukunci ya shafi yaranmu masu harbin kurciya da kunda ko da danƙo a bakin Kubanni: tsuntsun da kunda ta buge, in ba a riske shi da rai an yanka ba, mushe ne.

Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya bayyana cewa abin da kibiyarka ta kashe halal ne in ka ambaci sunan Allah, in kuma ka riske shi da rai sai ka yanka. Ya kuma kawo maganar dabbar da ta ɓace maka har ta kwana, inda aka sami sassauci idan an tarar da kibiyar a makasarta. Muhtasar na Shaihu Halilu da sharhohinsa kuwa sun sanya dabbar da aka harba da makami mai dafi cikin waɗanda ba a ci, matuƙar ba a yanka ta ba kuma ba a tabbatar kaifin ne ya huda makasa ba, domin ba a san wanda ya yi kisan tsakanin ƙarfe da dafi ba. Malamanmu na zaune a nan, su ne masu cika wannan bayani.

Na biyu, doka. Yarjejeniyar kare albarkatun ƙasa da ƙasashen Afirka suka sa wa hannu a birnin Aljiyas a 1968 ta nemi a hana farauta da guba da makami mai dafi. Dokar soja mai lamba 11 ta 1985, wadda Nijeriya ta kafa don kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, ta hana waɗannan, ta haɗa da farauta da wuta da farautar dare.

Na uku, lafiyar gida. Kwarin da ke rataye a zaure, ga yara suna shiga suna fita, in akwai dafi a cikinsa ƙwarzane ɗaya ya isa a yi makoki.

Zaɓen ruwan kibiya

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Kibiya marar dafi jini take zubarwa, saboda haka dole ta yanka hanya mai faɗi, ta kuma nutsa har huhu ko zuciya. Abubuwa huɗu ake dubawa.

Na farko siffa. A nemi ruwa mai kamar ganye ko kan mashi, mai kaifi a gefe biyu tun daga tsini har gindi. Wani shahararren maharbin Amurka, Howard Hill, ya yi suna da ƙa'idar cewa tsawon ruwa ya ninka faɗinsa sau uku, wato faɗin inci 1 da tsawon inci 3. Dalili a fili yake: hawa mai sauƙin gangare ya fi tsayayyen tudu daɗin bi, haka doguwar siffa ta fi gajera mai faɗi saurin ratsa nama. A tsakiyar shekarun 1980, Dakta Ed Ashby ya yi gwaji a gandun namun daji na Mkuze a Afirka ta Kudu, ya gano cewa ruwa mai falle ɗaya ya fi mai fiffike uku ko huɗu ratsa ƙashi. Wannan albishir ne gare mu, don falle ɗaya shi ne abin da maƙerinmu ya fi iya bugawa a kan uwar maƙera. Kada kuma ruwan ya cika ƙanƙanta. Jihohi da dama na Amurka sun ƙayyade kada faɗinsa ya gaza kashi 7 cikin 8 na inci, wato santimita 2 da ɗoriya.

Sai maganar kunne. A bar shi. Gindin ruwa ya zama mai gangare, ta yadda in harbi ya kuskure makasa kibiyar za ta iya zamewa ta faɗi, raunin ya warke. Kunnen da babu dafi a bayansa ba ya ƙara kisa, azaba kawai yake ƙarawa.

Na biyu ƙarfe. Maƙeranmu sun daina narka tama, yanzu daga tsofaffin ƙarafa suke ƙira, kuma ba duka suke ɗaya ba. Ƙusa da rodin gini ƙarfe ne mai taushi, ba ya riƙe kaifi, in ya gamu da haƙarƙari sai ya lanƙwashe. Sifirin mota da tsohon zarto da tsohon magagari su ne masu ɗaukar tauri. Maƙeri zai gasa ruwan a gawayin ƙirya har ya yi ja, ya kai inda mayen ƙarfe ba ya kama shi, wato zafin da ya kai awo 770 a ma'aunin Salshiyos, ya ɗan ƙara kaɗan, sa'annan ya tsoma shi cikin mai. A wannan hali ya yi tauri amma yana iya fashewa kamar tangaran. Sai a goge shi ya yi fari, a sake ɗumama shi a hankali har launinsa ya koma kamar na busasshen kara, a bar shi ya huce. Mai saye yana da hanyar gwaji: ya goga magagari a gefen. In ya zame bai kama ba, taurin ya yi yawa. In ya nutse kamar a jikin dalma, ƙarfen banza ne. Na kirki shi ne wanda magagari ke ci kaɗan-kaɗan.

Na uku nauyi da dacewa da baka. Ruwa mai faɗi ya fi na da nauyi, kuma iska tana kama shi. In aka ɗora shi a kan siririn kyauro marar gashi, shi zai riƙa jan kibiyar yadda ya ga dama. Maganin wannan shi ne a zaɓi kyauro mai kauri wanda ya bushe sarai, a ƙarfafa bakinsa da ɗaurin jijiya don kada wutsiyar ƙarfen ta tsaga shi, sa'annan a ɗaura gashin zabo ko na talotalo guda uku a gindi. Wannan ba gadonmu ba ne, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Bakan ma dole ya ƙara ƙarfi. A wasu jihohin Amurka ba a yarda a harbi barewa da bakan da ƙarfin jansa ya gaza laba 40 ba, wato wajen kilo 18. Ashby ya nuna cewa kibiyar da nauyinta ya kai giram 42 ta fi tabbacin fasa ƙashi mai kauri. Gada da zomo ba su bukatar haka, amma darasin ɗaya ne: kibiya mai ɗan nauyi ta fi marar nauyi nutso.

Na huɗu miƙewa. Bayan an ɗaura ruwa, a kafa tsinin a kan katako a murza kibiyar kamar katantanwa. In ta juya sumul, ta yi. In tana rawa, a kwance a sake zama, don karkatacciyar kibiya ba ta zuwa inda ido ya aike ta.

Washi

Me ya sa muke nacewa a kan kaifi? Jijiyar jini kamar roba take. Dakusasshen ƙarfe ture ta yake yi gefe ya wuce, in ma ya tsinka ta sai bakin ya yage ya tsuke, jini ya daskare da wuri. Kowa ya san yankan reza ya fi ƙwarzanen ƙaya daɗewa yana zubar da jini. Dabbar da kibiya mai kaifin aska ta ratsa huhunta ba ta yin nisa take faɗuwa. Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Aus (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umurni da kyautatawa har a wajen yanka, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Maharbi bai fita daga wannan umurni ba.

Ana farawa da magagari. A kafe ruwan a jikin katako ko a matse shi don kada ya motsa, a riƙa tura magagarin gaba kawai, ba a yi masa goga-dawo. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kwanciyar hannu ta zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe, tsakanin digiri 20 da 25. Wanda ba shi da ma'auni ya ɗauki kusurwar takarda ya ninka ta biyu, ya sake ninkawa, abin da ya fito shi ne digiri 22 da rabi. A ƙirga shafa: in an yi goma a wannan gefe, a yi goma a wancan. Alamar an kai gaci ita ce wani siririn leɓe na ƙarfe da yatsa zai ji a ɗaya fuskar, tun daga tsini har gindi. Wanda ya tsaya kafin leɓen nan ya fito, goge ƙarfe ya yi, bai wasa ba.

Daga nan sai mawashi. A jiƙa dutsen da ruwa, a fara da mai kaushi a koma mai laushi, ana rage nauyin hannu a kowane zagaye. A ƙarshe a ja ruwan da baya-baya a kan fata, yadda wanzami ke yi wa askarsa, har leɓen ya faɗi. Tsinin kuma kada a bar shi kamar allura, don yana lanƙwashewa a ƙashi. A ɗan dushe shi ya koma kamar bakin ƙaramin kurfi, amma mai kaifi.

Gwaji iri biyu ne. A miƙe zaren roba tsakanin yatsu biyu a taɓa shi da kaifin: in ya tsinke nan take, to haka zai yi wa jijiya. Ko a gwada a gashin hannu, in ya aske, ya isa. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka a gama wannan aiki tun a gida. Kibiyar da aka harba sau ɗaya, ko a ƙasa ta faɗi, sai an sake wasa ta. Na koyon bara daban, na shiga daji daban.

Adanawa da ladubban harbi

Tsatsa tana cin kaifi tun ido bai gan ta ba, musamman da damina. A shafa wa ruwan man kaɗanya kaɗan, a yi wa kowanne ɗan kube na fata, domin in suna gogar juna a cikin kwari, kafin a isa daji sun dakushe. Buhari da Muslim sun ruwaito umurnin cewa mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe ruwansu don kada ya ji wa wani rauni. Matasanmu su riƙe wannan da kyau: kibiya ta daji ce, ba ta da gurbi a rigimar unguwa ko taron siyasa.

A wajen harbi, a matsa kusa, taki 15 zuwa 20. A jira dabba ta ba da gefe, a auna bayan kafaɗa, a yi bisimilla. In ba a sami haka ba, a sassauta tsirkiya a haƙura. A ƙyale mai ciki da mai shayarwa. A nisanci wuraren da hukuma ta keɓe, irin su gandun Kamuku na Birnin Gwari, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999. Dattawan da ke nan sun san dazuzzukan da a da ake ganin gwanki da mariya, yau ko sawunsu babu. Abin da ya rage amana ne a hannunmu.

Kammalawa

Muna roƙon ƙungiya abubuwa uku. Ta zauna da tsofaffin maharba da maƙera a rubuta sunayen kibau da siffofinsu tun suna raye, a ajiye samfurin kowace, bayan an wanke ta daga dafi, don 'ya'yanmu su gani. Ta haɗa maƙeri ɗaya ko biyu da matasa masu sha'awa su koyi bugun sabon ruwa irin wanda muka bayyana. Ta kuma roƙi malamanmu su keɓe zama guda a kan babin farauta da yanka kafin kaka ta yi, lokacin da ake fara shiga daji.

Kakanninmu sun yi aiki da abin da suka sani, kuma sun ciyar da mu da shi. Mu da Allah Ya ƙara wa sani, hujja ta hau kanmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, muna neman afuwa. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Zazzau, Ya zaunar da unguwarmu da ƙasarmu lafiya, Ya sa abin da za mu ci ya zama halal.